Yadda za ka ɗauki kyanwarka hoto mai kyau a ɗakin haya na Legas

Kyanwarmu sunanta Kunu, 'yata ce ta raɗa mata saboda kalarta, fari-fari da ɗan ruwan ƙasa kamar kunun gyaɗa da aka dama da kauri. Tun farko ba sha'awa ce ta sa na kawo ta ba, ɓeraye ne suka ishe mu, duk wanda ya taɓa zama a gidan haya a Agege kusa da kwata ya san irin ɓerayen da nake nufi, waɗanda in ka haska su da tocila su ma tsayawa suke su ƙare maka kallo. Wani mai shayi a bakin layinmu tasa ta haihu ya ba ni ɗaya a cikin kwalin madara. Yau shekara uku kenan, ɓeraye sun yi ƙaura, ita kuma ta zama 'yar gida har ta fi ni iko da kujerar falo.

Rannan Hajiyarmu daga Katsina ta ce a turo mata hoton magen nan da jikarta take ta cika mata kunne da labarinta a waya. Na ɗauka da daddare na tura. Sai ga saƙon murya, "Kai, wannan mage ce ko aljani ka turo min?" Kuma da gaskiyarta, ɗaki duhu, filasha ta tashi, idanu biyu kore shar kamar fitilun mota, sauran jikin ba a gane kai balle wutsiya. Ni da nake sana'ar waya a Ikeja, kullum bakina bai hutawa da yi wa kwastoma bayanin megafiksel, wallahi abin ya tsaya min a rai. Daga nan na shiga gwaji, na ɗauki hotuna sun fi ƙarfin memorin wayata, na goge kusan duka, kuma abin da na gane shi ne kyanwa ba a ce mata tsaya a ɗauke ki, kai ne za ka gyara wuri ka gyara haske ka yi mata kwanton ɓauna, in ta ga dama ta shigo ciki.

Abu na farko ka kashe filasha, ka kashe ta gaba ɗaya ba wai ka bar ta a kan oto ba, don a ɗakunanmu na nan oto daidai yake da a kunne. Ƙyallin idon nan ba wani abin tsoro ba ne. A can bayan idon kyanwa akwai wani shimfiɗi mai aiki kamar madubi, masana suna ce masa tafetum lusidum, shi ke mayar da hasken da ya shiga idon ya sake bi ta wurin gani karo na biyu, shi ya sa take yawonta a duhun da kai sai ka yi lalube. To filashar waya tana manne da kyamara, haske ya tafi kai tsaye ya daki madubin nan ya dawo ta hanyar da ya bi, sai ya faɗa cikin kyamarar. Yawanci kore ko rawaya za ka gani, masu shuɗin ido kuma sau da yawa ja yake fitowa. Babu manhajar da za ta gyara maka shi ya yi kyau, na gwada, sai dai ta zana mata ido irin na 'yar tsana. Kyanwar ita kanta ba ta son filasha, ka yi mata sau biyu sau uku ka gani, da ta hango ka ɗaga waya za ta kau da kai ko ta shige ƙarƙashin gado.

To in babu filasha da me za a ɗauka? Da hasken rana, kuma nan ne wahalar Legas take. Gidajenmu a cunkushe suke, tagarka tana kallon bangon maƙwabci tsakani bai fi taku biyu ba, ga ƙarfen taga, ga ragar sauro, ga labule mai kauri da uwargida ta saka don kada masu wucewa su leƙo. Kai kana ganin ɗakin da haskensa saboda ido yana sabawa, ita kuwa kyamarar waya abin da ke karɓar haske a cikinta a yawancin wayoyi bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. In haske ya yi mata kaɗan abu biyu take yi, ko ta daɗe idonta a buɗe kafin ta rufe, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haskenta. Na farkon shi ke sa hoto ya yi dishi-dishi da an ɗan motsa, na biyun kuma shi ke kawo tsakuwa-tsakuwan nan kamar an watsa wa hoton garin kwaki. Kuma kyan kyanwa ai a gashinta yake, in silin gashin bai fito ɗaya-ɗaya ba to auduga ka ɗauka.

Saboda haka kafin ma ka taɓa waya ka yi kwana biyu kana lura da inda rana ke faɗowa a gidanka da kuma ƙarfe nawa. Sau da yawa ba taga ba ce ma, ƙofa ce. Mu ƙofar falonmu gabas take kallo, in na buɗe ta na ɗage labule daga bakwai da rabi zuwa tara na safe akwai wani haske mai laushi da ke kwantawa a kan tayil kamar taku uku daga bakin ƙofa, nan ne situdiyona, ba ni da wani. Daɗin abin a Legas muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, fitowar rana wajen 6:30 zuwa 7 na safe take duk shekara, faɗuwarta ma kusan haka da yamma, kenan lokacin da ka gano ba zai gudu ya bar ka sosai ba, sai dai hasken ya ɗan matsa dama ko hagu. Ka guji ranar tsaka. Inuwa takan yi baƙi ƙirin, farin gashi ya ƙone ya zama fari fat babu komai a ciki, ita kuma ta ƙanƙance ido baƙin tsakiyar ya koma siriri kamar tsinke, sai ta fito kamar mai shirya mugunta. In kana son idon nan manya masu ban tausayi sai a haske mai sauƙi, can ne baƙin yake buɗewa ya yi zagaye.

Ranar da hadari ya rufe gari, irin na Yuni da Yuli da kowa ke tsaki saboda ambaliya da cunkoson hanya, a wajena ita ce ranar hoto. Gajimare ya tace hasken, babu inuwa mai kaifi, ko a baranda ka ɗauka sai ya yi kyau. Hazon hunturu na Disamba da Janairu shi ma yana tausasa rana, sai dai ƙura, ka riƙa goge gilashin kyamara akai-akai. Maganar gogewar nan ma ba ta hunturu kaɗai ba ce, ni na sha karɓar waya a shago mutum yana cewa kyamara ta lalace, in sa gefen tsumma mai laushi in goge in miƙa masa ya yi ta mamaki. Gumin Legas da maiƙon hannu da man ƙosai duk a kan gilashin nan suke ƙarewa. In ka fito daga ɗaki mai esi ka ga hoto ya yi fari kamar hayaƙi, raɓa ce ta kama gilashin, ka ɗan jira ta bushe.

Hasken ya zo daga gefenta ko daga bayanka, kada ka sa taga a bayanta sai in da gangan kake son inuwarta kawai. In gefe ɗaya na fuskar ya yi duhu da yawa ka samu farin kwali ka jingina a wancan ɓangaren ya riƙa mayar da hasken, ni farar jallabiyata nake ratayawa a bayan kujerar roba, aikin ɗaya ne. Ka duba idonta a sikirin, in ka ga ɗan ɗigon haske a ciki to hoton zai yi rai, in babu ka ɗan matsa har ya bayyana. Sannan ka kashe kwan lantarki in kana amfani da rana, haɗa su biyu yakan sa rabin kyanwa ta yi shuɗi rabi rawaya. Wasu ƙananan kwayayen nan masu arha kuma ƙiftawa suke yi ido bai gani, sai ka ga layuka baƙaƙe sun ratsa hoto, musamman in janareta aka tayar. Wutar Najeriya 50Hz ce, wato saurin bugawarta kenan, in wayarka tana da wurin zaɓa a setin kyamara tsakanin 50 da 60 ka sa ta a 50, yana rage abin.

Yanzu sai ka sauka ƙasa. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace canza min hoto kuma ita ce mutane suka fi ƙi saboda girman kai ko ciwon gwiwa. In ka ɗauka a tsaye, ƙeya da gadon baya da siminti kawai za ka samu, hoton da kowa yake da shi. Ka durƙusa, in ta kama ka kwanta ruf da ciki har kyamara ta yi daidai da idonta. Akwai dabara, ka juya wayar kanta ya koma ƙasa yadda kyamarar za ta kusa taɓa tayil, ka danna da maɓallin ƙara sauti, hoton zai miƙe da kansa ko ka juya shi daga baya. Wata safiya ina kwance haka a bakin ƙofa da singileti, maƙwabciyarmu wata dattijuwa Bayarbiya da duk gidan muke kira Mama ta fito da bokiti ta tsaya a kaina, ta tambaye ni da turancin buroka wai Malam lafiya, ko sabuwar salla aka kawo mana. Na nuna mata sikirin, ta kalla ta kalli Kunu ta girgiza kai ta wuce. Ita dama ba ta shiri da kyanwa, za mu zo kan wannan.

Kada ka cusa mata wayar a hanci. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, duk abin da ya matso kusa sai ta kumbura shi, hanci ya yi ƙato kunnuwa su koma baya, ga shi kuma za ta miƙo kai ta shinshina gilashin ta bar maka danshi. Ka ja baya kamar kamu biyu na hannu ka danna 2x, ya fi fitar da fuskarta yadda take. Amma kada ka yi ta jan zum da yatsa har 5 ko 10, wannan yanke hoton kawai wayar take tana buɗa shi, gara ka ɗauka yadda yake ka yanke da kanka. Bari in faɗa maka wani abu da ba ma cika faɗa a shago ba, yawancin ƙananan wayoyin nan masu ido uku ko huɗu a baya guda ɗaya ce ke aikin kirki, sauran 'yan rakiya ne. To ka gane wacce ce babbar ka tsaya a kanta.

Fokas a ido ake sa shi, idon da ya fi kusa da kai. In ka bar waya ta zaɓa da kanta hanci za ta kama ko ƙafar gaba ko ma zanen tabarma. Ka taɓa idon a sikirin, in ka danne na ɗan lokaci yawancin wayoyi za su kulle fokas ɗin a nan, sai wata 'yar alamar rana ta fito a gefe wadda kake ja sama ko ƙasa don ƙara haske ko rage shi. Fotiret kuwa, wanda ke dusar da baya, ni na daina amfani da shi a kanta, cinye mata gashin baki yake yi da tsinin kunne, don wayar ba ta gane siririn gashi na kyanwar ne ko na bango. In kana son baya ya dushe na gaskiya ka sa ta yi nisa da bango kai kuma ka fi kusa da ita, shi kenan. Ka kashe ƙarar danna hoto, ka kashe biyuti, kyanwa ba ta buƙatar hoda.

Sai maganar lokaci, wanda shi ne rabin aikin. Kyanwa tana barcin awa 12 zuwa 16 a rana, ƙarfinta kuma a asuba yake da magariba, lokacin farauta kenan a jininta, kuma daidai lokacin ne babu haske. Kada ka wahalar da kanka ka ce za ka kama ta tana wannan tseren na bayan magariba, inuwa kawai za ka ɗauka. Lokacin da ya fi shi ne bayan ta ci ta ƙoshi ta zauna tana lashe jiki, ko tana gyangyaɗi ido rabi a buɗe, mage mai kwanciyar ɗaukar rai. Wanda na fi so kuma shi ne in ta farka, kusan kullum sai ta yi hamma ta yi miƙa, in ka riga ka kulle fokas kana jira za ka samu hammar nan baki a wangame haƙora a waje kamar zaki yana ruri. Kunu bayan sallar asuba in na manta ban naɗe darduma ba nan take zuwa ta kwanta, sai na koma jan dardumar zuwa wurin hasken nan na bakin ƙofa in bar ta a shimfiɗe. Ban kira ta ba, ban ɗauke ta na ajiye ba, in ka ɗauki kyanwa ka ajiye ta a wuri to ka tabbata wurin ne kaɗai ba za ta zauna ba a ranar. Kwalin Indomie ma yana wannan aikin, ka ajiye shi a inda kake so ka yi kamar ba ruwanka, ba za a jima ba za ka gan ta a ciki.

In ka ji haƙurinka ya fara ƙarewa ka tuna tun a shekarun 1870 wani mai hoto a garin Brighton na Ingila, Harry Pointer, yake ɗaukar kyanwoyi yana sayar da katunan, da kyamarar da sai an tsaya mata cak. Kai da za ka iya danna hamsin ka goge arba'in da tara ba ka da uzuri.

Yadda za ka sa ta kalli kyamara. Mus-mus ɗin nan da muke yi ta riga ta haddace shi, in ba abinci ta gani ba kunne ɗaya kawai za ta juya maka. Kunnen kyanwa yana kama siririn sautin da ya kai wajen 64,000 a ma'aunin Hz, namu iyakarsa 20,000, shi ya sa ƙaramin motsi mai ƙas-ƙas ya fi kira da ƙarfi tasiri a wajenta. Ka murza ledar biskit, ko ka kaɗa makulli, ko ka ja farce a jikin tabarma, amma ka yi shi daidai saman wayar don inda sautin yake can za ta kalla. Kowane sauti sau biyu ko uku yake ci, daga nan ta gane wasa ne, saboda haka kada ka ɓarnatar da shi, sai ka gama saita komai yatsanka yana kan maɓalli tukuna. In da mai taimako ya fi, ni 'yata ce, tana tsayawa a bayana da tsinken tsintsiya da aka ɗaura wa gashin kaza, matsalarta ɗaya zumuɗi, "Abba ka ɗauka, Abba ta kallo!" da ƙarfi har kyanwar ta tsorata. Kuma kada ka zura mata ido, a wajensu wannan neman faɗa ne. Ka lumshe ido a hankali ka buɗe kamar mai jin barci, masu bincike a jami'ar Sussex ta Ingila sun gwada wannan suka fitar da sakamako a 2020, kyanwoyi sun fi mayar da lumshewar kuma sun fi matsowa kusa da wanda ya yi musu. Ina yi wa Kunu, uwargida tana min dariya wai ita ban taɓa yi mata irin wannan kallon ba.

In tsalle kake so ko wasa, to a fita bakin ƙofa ko baranda inda haske ya wadata, a cikin ɗaki ɓata lokaci ne. Ka yi amfani da ɗaukar nan ta a jere, a Tecno da Infinix yawanci danne maɓallin ake yi a riƙe, a Samsung ka ja shi ƙasa, a iPhone na bayan nan ka ja shi hagu, sai ta yi ta zubo hotuna ka zaɓi ɗaya. In kyamarar wayarka tana da Pro, inda kake saita komai da kanka, ka shiga ka sa saurin shata a 1/500, ma'ana kyamarar ta buɗe ta rufe a kashi ɗaya cikin 500 na sakan, hakan yana tsayar da yawancin motsinta, in tana tafiya ce kawai 1/250 ya isa. Za ka ga hoton ya yi duhu, nan ne za ka ɗan ɗaga ISO, kaɗan-kaɗan dai. Wanda duk wannan ya yi masa yawa ya ɗauki bidiyo na 4K ya tsayar a inda ya yi kyau ya ciro, kowane hoto a cikinsa ya kai kusan megafiksel 8, ya ishi sitatus har da wankewa ƙarami. Sai dai yana cin memori ba kaɗan ba.

Abin lallashi, nan ina so a kula don na ga ana ganganci. Kada ka ba ta kilishi ko tsire don ta tsaya, albasa da tafarnuwa suna lalata wa kyanwa jini, ga yaji ga gishiri. Cakulan guba ne a wajenta. Madarar da kowa ke ganin ita ce abincin mage, yawancin manyansu gudawa take sa su. Ɗan kifi titus da aka dafa babu gishiri aka cire ƙaya, ko tsokar kaza dafaffiya, ka yanka ƙanana kamar ƙwayar wake, ya wadatar. In kun yi wasa da zare ka ɗauke shi ka ɓoye in an gama, suna haɗiye shi ya naɗe hanji. Wani abokina da na ba shi labarin ba ta tsayawa cewa ya yi in jiƙa mata rabin ƙwayar maganin mura ta yi laushi. Don Allah kada wanda ya gwada, farasitamol ko guda ɗaya yana iya kashe kyanwa, hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu.

Sa mata kaya da hula da tabarau kuma ni ban ga abin burgewa a ciki ba, ka dubi irin hotunan da kyau za ka ga kunnuwa a kwance. Ka koyi karanta ta. In kunne ya kwanta baya ko ya baje gefe, wutsiya tana dukan ƙasa fat-fat, fatar baya tana motsi, to ta gaji, ka ajiye waya kafin ka sha yakushi, minti biyar zuwa goma ya isa zama ɗaya. Kada a rufe ta a ɗaki ko a danne ta saboda hoto, mu da muka taso muna jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Baƙar kyanwa ita ce jarrabawa. Akwai wani baƙin muzuru da ke biyo katanga yana zuwa zance wajen Kunu, Mama in ta gan shi har addu'a take da ƙarfi tana watsa ruwa, don a nan mutane da yawa suna danganta kyanwa da maita, baƙa kuwa ba a magana. Ni dai abin da na sani yana da wahalar ɗauka. In ya cika sikirin wayar sai ta ɗauka duhu ne ta ƙara haske, ya fito toka-toka kamar tsohon wando, nan sai ka ja alamar ranar ƙasa kaɗan baƙinsa ya dawo. In kuma bayansa farin bango ne ko sama, sai ya zama dunƙulen gawayi mai ido biyu, nan kuma sama za ka ja. Hasken gefe shi ne maganinsa, shi ke sa gashin ya yi sheƙi a ga siffar jiki. Farar kyanwa akasin haka, ka kiyaye ta da rana kai tsaye, kuma ka lura da fentin ɗaki, bango kore ko shuɗi yana rina ta.

Kafin ka danna ka kalli kusurwa huɗu na sikirin, ba kyanwar kaɗai ba. Ɗakin haya komai a waje yake, bokiti, silifas, wayar caji, kular abinci, jarkar ruwa. Na taɓa samun hoton da ya fi kowanne kyau sai daga baya na ga buta ta fito daidai saman kanta kamar rawani. Ka janye tarkace ko ka rataya zani marar hayaniyar zane a baya, atamfa mai manyan furanni tana haɗiye kyanwar. Kuma ka duba kada uwargida ta faɗo a ciki babu mayafi, ko lambar gida, ni an taɓa sa ni goge sitatus da tsakar dare saboda haka. Ka shiga setin kyamara ka kashe alamar wuri ma, don hoton yakan ɗauki inda aka ɗauke shi ya ajiye a cikinsa.

In dare ne kuma an ɗauke wuta, ga ta ta yi wata kwanciya da ba za ka iya bari ta wuce ba, ka ɗauko fitilar caji amma kada ka haska ta a fuska, ka juya fitilar ta kalli farin bango ko silin hasken ya dawo a baje. Yanayin dare na kyamara yana aiki amma yana buƙatar sakan biyu uku babu motsi, kenan sai mai barci, ka jingina wayar da filo ka sa taima. Kyandir kusa da wutsiya a'a.

Gyara kaɗan ake yi. Ka yanke gefe, ka ɗan ɗaga inuwa, ka miƙar da hoton in ya karkace, manhajar Snapseed kyauta ce kuma ta isa, kada ka cika kala har kyanwa mai ruwan ƙasa ta koma lemu. Wajen turawa kuma WhatsApp yana matse hoto duk gashin da ka sha wahala a kansa ya narke, ka danna HD ɗin da suka ƙara a 2023, ko ka tura shi a matsayin dokumen in wanda za ka tura wa yana da data.

Wanda na tura wa Hajiya daga ƙarshe wata safiyar Yuli na ɗauke shi, an kwana ana ruwa, ƙofa a buɗe, Kunu a kan darduma ta harɗe ƙafafun gaba, 'yata ta murza leda a saman kaina ta ɗago, ɗigon haske a kowane ido, gashin baki ana iya ƙirga shi. Na tura da HD na zauna jira. Sai bayan azahar saƙon murya ya shigo, "To yanzu na ga mage, tubarkalla. Amma kai da hankalinka wa ya ce ka bar ta a kan abin salla?" Na fara yi mata bayanin ai kyanwa ba najasa ba ce, ta katse ni ta ce ta riga ni sani, gashin fa, wa zai kakkaɓe.